Tukunya Ɗaya: Tarihin Cimar Gidajenmu a Ƙasar Mafara

A ƙasarmu idan mutum ya dawo daga tafiya, ko amarya ta zo ganin gida, yabon farko da za a yi mata shi ne, "Kai, wance, kin yi ƙiba, kin yi kyau!" Idan kuwa aka ga ta rame, kafin ta zauna an fara tambaya ko lafiya, ko kuwa miji ne ba ya cika mata tukunya. Haka muka taso muka tarar, kuma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi dalili ba, sai da wata gwaggonmu a Talata Mafara, wadda ta haura shekara sittin, ta je asibiti aka ce tana da ciwon sukari da hawan jini. Likita ya ce ta rage jiki, ta bar sukari, ta rage shinkafa da mai da gishiri. Da ta dawo gida ta ajiye mayafi, sai ta dubi babban ɗanta ta ce, "Yanzu ni da na ga yunwar saba'in da uku da idona, ni ce za a ce in bar abinci ga shi a gabana?"

Wannan tambaya ta tarihi ce, ko da yake ita ba ta nufi haka ba. Domin kuwa abin da ke cikin tukunyarta yau ba shi ne ke cikin ta mahaifiyarta ba, kuma sauyin ya faru ne a cikin rayuwar mutum ɗaya, a nan tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura.

Sai mu fara da yunwa, tun da ita ce ta koya mana son ƙiba. Ƙasar Hausa ta sha yunwa mai suna. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta zo bayan fari mai tsanani, a lokacin da Turawa suka riga suka ɗora haraji na kuɗi. Akwai 'Yan Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, wadda sunanta ya ɗauko garin da ke maƙwabtaka da mu, inda jirgin ƙasa ya riƙa ratsawa bayan layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Sa'an nan ga farin 1972 zuwa 1974, wanda gwaggo ke magana a kai. Wani Bature mai suna Michael Watts ya tattara tarihin waɗannan shekaru a littafinsa na 1983, wanda ya gina a kan binciken da ya yi a ƙasar Katsina. Ban da waɗannan manya, akwai ƙaramar yunwa ta kowace shekara, wadda ba a raɗa mata suna ba don sabo: lokacin da rumbu ya yi ƙasa, noma ya yi tsanani, sabon gero bai nuna ba. Manomi yakan zube a damina, ya murmure da kaka. A irin wannan zama, naman jiki ajiya ne kamar dami a rumbu. Wanda ya shiga damina da jiki shi ke fita da ƙarfinsa, don da ruwan ciki akan ja na rijiya. Saboda haka kakanninmu ba wauta suka yi ba da suka ɗauki ƙiba alamar lafiya da wadata. A zamaninsu gaskiya ce.

To me suke ci? A tudu gero ne da maiwa da dawa da wake. Da safe ɗumame ko kunu, da rana fura da nono, da dare tuwo. Mai tafiya ko mai wuni a gona ya riƙe hoce, wanda har yau ake tsokanar Zamfarawa da shi. Miya kuwa daga itatuwa da bayan gida take fitowa: kuka, kuɓewa, sure, karkashi, a sa daddawar kalwa ko ta batso, a ɗan ɗiga man shanu idan akwai. Da damina a kwaɗa rama ko tafasa ko zogale da ƙuli-ƙuli. Amma arzikin wannan yanki na musamman shi ne fadamar Gulbin Sakkwato. Kowace shekara ruwa yakan cika ya malala, ya bar laka, a shuka jar shinkafar nan ta gida da dawa; idan ya janye a dasa albasa da dankali da rake da sauran kayan lambu, masunta kuma su shiga tafkunan da ya bari su kamo tarwaɗa da ƙarfasa. Alkama ma ana nomanta tun da, amma kaɗan, da jigo, don alkaki da finkaso da taliyar masu hali. Zaƙi kuwa sai zuma ko mazarƙwaila, su ma ba kullum ba.

Kada mai karatu ya zaci muna cewa aljanna ce. Nama sai ranar kasuwa ko salla ko suna, yara suna mutuwa da yawa, kuma wannan abinci da gumin mata ake samunsa. Kafin tuwo ya sauka sai an yi sussuka, an yi surfe, an wanke, an daka ko an niƙa a dutse, ga jan ruwa a rijiya, ga faskare. Matar da ke da girki takan yi sa'o'i tana ɗaga taɓarya. Abin da ta ci da dare ta riga ta biya kuɗinsa da damtsenta tun da hantsi. Wanda duk ya yi kewar tuwon da, ya tuna ba shi ne ya yi dakan ba.

Abin da ya raba zamanin nan da wancan a yankinmu yana da suna da shekara, wato madatsar ruwan Bakolori. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gama wani dogon nazari a kan kwarin Sakkwato da Rima, ta ba da shawarar a bi a hankali, a yi aikin ban-ruwa daidai wa daida. Amma kuɗin man fetur ya shigo, fari kuma ya tsorata gwamnati, sai aka zaɓi babban aiki. Aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aka fara gini a 1974, aka gama a 1978. Bango ne mai tsawon kilomita biyar da rabi, yana tare ruwan da ya kai mita miliyan 450 na awon ruwa, tafkin kuma ya shafe hekta wajen 8,000 na ƙasar Maradun. Mutum 12,000 zuwa 13,000 suka tashi daga gidajensu da fadamunsu, aka mai da su tudu, inda ƙasa ba ta da albarkar wadda suka bari. A ƙasan madatsar, wajen Talata Mafara da Bakura, aka tsara shayar da hekta 23,000, don a noma alkama da shinkafa da sauran amfanin da birane ke so.

Don a daidaita ƙasa ruwa ya gudana, sai da katafila ta bi gonaki ta share. Manoma da yawa suka yi damina biyu ko uku ba su shuka komai ba, suna jiran a mayar masu da gonakinsu. A nan akwai abin da masu rubuta tarihin Bakolori sukan ambata a taƙaice su wuce, alhali kuwa a ganinmu shi ne zuciyar maganar cima: itatuwa. Katafila ba ta san ɗorawa ba, ba ta san kuka ko kaɗanya ko tsamiya ba. A takardar injiniya waɗannan cikas ne ga magudanar ruwa. A wajen matar gida kuwa ɗorawa ita ce daddawa, kuka ita ce miya, kaɗanya ita ce mai, tsamiya ita ce kunu. Ana iya biyan diyyar itace da kuɗi, in ma an biya, amma kuɗin yakan ƙare a shekara guda, ɗorawa kuwa takan ciyar da jika da tattaɓa-kunne. Ranar da aka kayar da ita, ranar ce miyar gidan ta koma abin saye.

Rigimar diyya da ta gonaki ce ta kai manoma ga tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu 1980, a zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa ƙauyukan, ciki har da Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne, wani lissafi ma ya kai 386. Ba wannan ne batunmu a yau ba, amma ba ya yiwuwa a yi maganar shinkafar Bakolori a tsallake shi.

Wani abin mamaki kuma ya faru can ƙasa da aikin, a ƙauyukan da ke bin gulbi zuwa Sakkwato. Da aka tare ruwa, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, fadamu suka daina jiƙa kamar da. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi waɗannan ƙauyuka a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa dubban hekta na shinkafa da na lambun rani sun salwanta, manoma sun koma shuka gero da dawar tudu a inda da shinkafa ce, kamun kifi kuma ya faɗi har masunta da yawa suka bar gida. Wato madatsa ɗaya ta tura waɗansu daga gero zuwa shinkafa, ta tura waɗansu daga shinkafa da kifi zuwa gero tsura. A cikin aikin kansa, kashi mafi girma an tsara shi ne a kan famfunan yayyafi masu aiki da lantarki, waɗanda suka lalace cikin 'yan shekaru, har sai da Bankin Duniya ya amince da wani shirin gyara a 2014.

Amma fa gaskiya ita ce, farar shinkafar da ta mamaye akushinmu ba daga Bakolori ta fara zuwa ba. Jirgin ruwa ne ya kawo ta. A shekarun da ake gina madatsar, albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, naira tana da ƙarfi, shinkafar Amurka da ta Tailan suka shigo da araha. Shigo da shinkafa ya tashi daga 'yan dubban tan a farkon shekarun 1970 zuwa dubban ɗaruruwa kafin ƙarshensu, har gwamnatin Shagari ta kafa kwamiti na musamman a kan shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko. Alkamar waje kuma ta haura tan miliyan ɗaya a shekara, burodi ya zama karin kumallon ɗan birni, mai shayi ya kafa tebur a kowace tasha. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman sun rubuta littafi guda a 1985 a kan yadda Nijeriya ta faɗa wannan tarko na alkama, kuma Bakolori na cikin misalansu. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta hana alkama a 1987, amma harshe ya riga ya saba. A 1992 aka ɗage hanin alkamar.

Sauran sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi shela. Dunƙulen Maggi ya zauna a inda daddawa take, injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi, taliyar leda da Indomie, wadda aka fara yi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, suka zama abincin yara, lemon kwalba ya kori ruwan fura wajen tarbar baƙo, babur ya ɗauke tafiyar ƙasa. Kowanne daga cikinsu sauƙi ne, kuma ba mu ga matar da za ta ce a mayar mata da dutsen niƙa ba. Sai dai aikin ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba, ga mai da sukari sun ƙaru a kai.

Sakamakon yana cikin alƙaluma. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, a daidai lokacin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma adadin yaran ya kai kashi 57. Tun daga wajen 2011 kuma ɓarayin daji suka addabi Zamfara, suka kore shanu, suka hana noma a gonakin nesa, nono ya yi tsada, ƙauyuka suka kwararo cikin gari. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ta kula da yara masu tamowa a Talata Mafara, ta auna yara a Shinkafi da Zurmi ta tarar ɗaya cikin huɗu na fama da rashin abinci. Don haka wanda zai yi maganar rage ƙiba a Zamfara sai ya yi ta da kunya. Amma duka biyun suna nan, wani lokaci a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya: kaka mai ciwon sukari, jika mai tamowa. Kuma in aka duba, ciwon nasu dangin juna ne, don duk su biyun cikinsu cike yake da tsaba, babu wake, babu ganye, babu kifi, babu nono.

Yanzu mu koma gidan gwaggo, inda wahalar take. Shawarar likita an tsara ta ne kamar mutum shi kaɗai yake dafa abincinsa. A gidan Bahaushe kuwa tukunya ɗaya ce. Mai girki ta tuƙa, ta kwashe na maigida da baƙinsa a kai zaure, ta raba na mata da na yara. Wanda ya ce a yi masa nasa daban ya ƙara wa mai girki aiki, ya ƙara wa maigida cefane. Wanda ya mayar da akushi da saura kuwa ya yi magana ko bai buɗe baki ba: ko dai yana fushi, ko girkin bai yi ba, ko kuma, in a gidan kishiyoyi ne, yana zargin an sa masa wani abu. Surukar gwaggo ta zo mana da hawaye a makon farko, ta ce, "Yaya, ku yi wa Inna magana, mutane za su ce ni ce nake hana ta abinci." Ita ma tana da gaskiya, don haka za a ce.

Al'adar ciyarwa don a yi jiki tana da tushe mai zurfi a wajen mata. Mai jego ana ɗura mata kunun kanwa da nama da yaji har ta yi arba'in, don ta koma ɗakinta da ƙiba. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka nuna alaƙar yawan kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. A zamaninmu kuma sai ga ƙwayoyin da 'yan mata ke kira "sha ka fashe", ana saye a kanti ba takardar likita, don a cika ido kafin biki, alhali yawancin abin da suke kawowa kumburi ne da lalata jiki. A nan mu marubuta ba mu da bakin zargin kowa. A ɗauko littattafanmu na soyayya a duba teburin Alhaji: soyayyar shinkafa, kaji, lemo mai sanyi a firji. Tuwon dawa miyar kuka ba ya fitowa sai a gidan da muke so mai karatu ya tausaya wa. Shekara da shekaru muna koya wa 'yan mata cewa alamar an yi dace da miji ita ce a rabu da gero.

Abin dariya kuma abin takaici, da aka ce gwaggo ta bar shinkafa, maƙwabta suka ce ai sai tuwon alkama da acca. Acca daga Filato ake kawo ta da tsada, garin alkama na leda kuwa ba shi da wani fifiko a kan dawar da ke cikin rumbun ƙanenta. Gero da dawa, in ba a surfe su sun yi fari fat ba, suna da dusa da ƙarfen jini fiye da gogaggiyar shinkafa, kuma ba sa ɗaga sukarin jini da sauri kamarta. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Sai dai gero ba magani ba ne. Wanda ya dama fura ya zuba mata cokali huɗu na sukari, ko ya share malmala uku don an ce dawa ce, bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali kwalbar lemo ɗaya tana cinye mafi yawan wannan.

A ƙarshe ba a yi wa gwaggo tukunya daban ba. Babban ɗanta ne ya yanke cewa abin da za ta ci shi gidan zai ci. Aka mayar da shinkafa kwana biyu a mako, ita ma da wake a ciki, sauran darare tuwon dawa ko na gero. Aka rage man miya, aka raba dunƙule biyu aka cike da daddawa, aka dawo da kwaɗon zogale da rana, aka kuma sayo mata ƙaramin kwano don kada a ga saura a ce ta yi fushi. Magungunanta tana sha, tana komawa awo. Yara sun yi bore na mako biyu, ƙaramin cikinsu har ya ce a gidan su abokinsa zai riƙa cin dare. Ita kanta gwaggo ba ta yaba ba. Da muka je gaishe ta bayan wata huɗu, zanenta ya fara yi mata yawa, ta ce ƙafafunta sun daina nauyi, amma daddawar yanzu duk ta waken suya ce, ba ta kama ƙafar ta kalwa ba. Ta ce a gonar mahaifinta, wadda yanzu magudanar siminti ta ratsa ta tsakiya, ɗorawa bakwai ce, kuma ta lissafa mana su ɗaya bayan ɗaya, da inda kowace take tsaye. Muna cikin haka wata maƙwabciya ta yi sallama ta shigo, ta dube ta sama da ƙasa, ta riƙe baki ta ce, "Hajiya, lafiya kuwa? Wannan rama haka!"